Fumfuna a Akwatin Jita: Yadda Za Ka Cire Ta Ba Tare da Ka Shaƙe Ta Ba

Idan ka buɗe akwatin jita bayan damina ka ji warin danshi, ko ka ga tabo fari-fari, kore ko baƙi a jikin ƙyallen ciki, fumfuna ce. Akwatin rufe yake, iska ba ta shiga, kuma soso da ƙyallen cikinsa suna riƙe laima. Abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin awa 24 zuwa 48, fumfuna na iya fara tsiro a kansa.

Illarta ga lafiya daga ƙananan ƙwayoyinta take, waɗanda ke tashi cikin iska da zarar an kaɗa wurin. Ga yawancin mutane abin ba ya wuce atishawa, toshewar hanci da ƙaiƙayin ido. Mai asma kuwa ciwonsa na iya tashi. Waɗanda muka fi yi wa tsoro su ne masu raunin garkuwar jiki, kamar masu shan maganin daji ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da kuma wanda ya taɓa yin tarin fuka. Tarin fuka kan bar rami a huhu ko bayan an warke, kuma nau'in fumfuna da ake kira Aspergillus na iya zama cikin ramin ya dunƙule, har ya jawo tari da jini. In kana cikin waɗannan, ka bar wa wani aikin, kada ma ka tsaya kusa.

Yadda ake aikin

A waje za ka yi, ba cikin ɗaki ba, nesa da yara. Sa takunkumin N95 da safar hannu. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin yadda ya kamata. Cire jitar, ka goge ta da tsumma mai ɗan laima, ka ajiye a inuwa. Kada sifirit ya taɓa ta, yana iya ɓata fentinta.

Kada ka karkaɗe akwatin a bushe. Fara fesa masa farin ruwan khal ko sifirit kaɗan don ƙurar ta kwanta, ka bar shi kamar awa ɗaya, sannan ka goge da tsumma, ka ƙulle tsumman a leda ka zubar. Gogewar ba ta da makawa, domin ko matacciyar fumfuna tana tayar da asma. Daga nan ka shanya shi a buɗe a rana har sai soson ya bushe ƙarau.

Kuskure mafi haɗari shi ne haɗa bilic, irin su Hypo ko Jik, da khal ko amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Bilic ɗin ma ba ya ratsa soso, sai dai ya koɗar da ƙyallen.

In warin ya dawo bayan ka maimaita, fumfunar ta shige cikin soso. Sai a canza soson ko akwatin gaba ɗaya. Turare ba ya maganinta. Nan gaba kada ka jingina shi da bango mai danshi, ka riƙa buɗe shi yana shan iska, ka kuma sa ƙunshin silika irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

In bayan aikin ka ji numfashi na yi maka wuya ko ƙirji na fito, ka je asibiti nan take. Haka ma zazzaɓi, tarin da ya ƙi tsayawa ko jini a majina, kuma ka gaya wa likita cewa ka yi aiki da fumfuna.