Daga Makiyayar Malam Futa zuwa Bulo da Siminti

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi, saboda kai da kake daji ko kan hanya ba ka samu ji ba.

In ka taɓa kai albasa ko shanu Ankara (ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba), ka san Kasuwar Malam Atta, ka san Nima da Mamobi da ke kusa da ita. To Niman nan da yau ko akuya da ƙyar take ratsa lungunanta, da makiyaya ce. A 1931 wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya karɓi filin daga dangin Odoi Kwao na ƙabilar Ga, don shanu su huta kafin a sayar. Baƙi suka fara kafa bukkoki a gefensa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sojojin Amurka suka yi sansani wajen filin jirgi, aiki ya buɗe, Hausawa da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli suka yi ta kwararowa. Kowa na neman ɗakin kwana, sai mai kwaɓa ƙasa da mai buga kwano suka zama abin nema.

Amma kakar magina ta gaske sai bayan 'yancin kai a 1957. Nkrumah mutum ne mai son gini. An buɗe tashar jirgin ruwa ta Tema a 1962. Madatsar Akosombo ta ci daga 1961 zuwa 1965, a hannun 'yan kwangilar Italiya. A 1965 ɗin aka buɗe babban titin Ankara zuwa Tema, aka kuma gama ginin da ake kira Job 600 don taron shugabannin Afirka. Yaron da ya baro shanu ya ɗauki kwanon kwaɓi, in yana da ido, yakan tashi daga lebura ya koma mai miƙa wa birkila bulo, daga nan ya riƙe cokalin gini da kansa. Ga albashi ƙarshen wata. Mutane suka ɗauka abin ya zauna ke nan.

Ina! Ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja suka kifar da Nkrumah, aka tsayar da ayyuka da yawa, aka sallami dubban ma'aikata. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, akasari 'yan Najeriya da Nijar da ƙasar da yau ake ce wa Burkina Faso. Har da waɗanda a zango aka yanke musu cibi. Mai shago ya karyar da kaya, mai gida ya sayar a wulaƙance. Magini kuwa ya naɗe cokalinsa da igiyar awo a buhu ya hau mota. Ba ina cewa bai yi asara ba, ya yi. Gidan da ya gina da hannunsa ba ya shiga buhu. Sai dai duk inda ya sauka ana gini. A 1983 abin ya juya: Najeriya ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida, cikinsu da magina da kafintocin da kuɗin mai ya ja zuwa Legas.

A tsakanin 1965 da 1968 wani Baturen Ingila, Keith Hart, ya zauna a Nima yana duban yadda mutane ke cin abinci ba tare da albashin gwamnati ko na kamfani ba. Daga bincikensa masana suka samo sunan da suke kiran aikin da ba rajista ba fansho. Mu dai aikin yini muka sani, kuma har gobe a kansa yawancin leburorin gini suke: a biya ka da yamma, gobe sai yadda hali ya yi.

Saboda haka in fari ko rashin burtali ya sa ɗanka ya ce zai tafi Ankara aikin gini, zauna da shi ku yi lissafi. Wurin wane maigida zai koya, shekara nawa, me za a biya na shiga da na yaye? Tun 1970 Gana ta kafa hukumar NVTI, wadda ta riƙa gwada masu sana'a da aikin hannu ta ba su shaida, ko da ba su yi boko ba. Ya tambayi yadda ake samun irin wannan takarda yanzu. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce wanda ya yi wata shida a jere wurin mai aiki ɗaya a ɗauke shi ma'aikacin dindindin. Dokar tana da kyau, amma ɗan kwangila ma ya iya ƙirga wata shida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuma kwana 90 ta ba shi ya shiga ba biza, ba izinin zama na har abada ba ne. Kwana 90 kuwa ko ɗaurin rodi bai gama koya ba.