Bindiga a Ƙasar Kabi

Malaman lugga sun tabbatar cewa kalmar bindiga baƙuwa ce a Hausa, ta ƙetaro Sahara daga Larabci, inda ake ce mata bunduƙiyya. Shi kuwa bunduƙ asalinsa ƙwallon wani itace ne, aka ari sunansa aka laƙaba wa ɗan dunƙulen da ake harbawa, har daga bisani sunan ya koma kan abin harbin kansa. Tare da 'yan rakiyarta ta iso, domin harsashi daga rasas yake, wato dalma, albarushi kuwa daga albarud.

Amma sunan ya riga abin yin tasiri da shekaru masu yawa. Sa'ad da Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya kewaye Surame da ganuwar dutse, da doki da mashi da baka ya yi, ko da yake kafin ƙarnin ya ƙare Mai Idris Aloma na Barno ya sami maharban bindiga na Turkawa. Haka kuma da Birnin Kebbi ya faɗa hannun rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, kibiya ce ta yanke hukunci. Kabawa suka sake kafuwa a Argungu, Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zamanin Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915. A ganina, fadama da ganuwa da ƙarfin zuciya sun fi albarushi tsare garin.

Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka: zai zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya bi da gutsattsarin ƙarfe, ya sake dannawa, kafin ya gama mai baka ya saki kibiya da dama, in kuma damina ce albarushi ya sha raɓa, sai kunama ta sara, shiru. Babban amfaninta rugugi da hayaƙi, masu firgita dawaki, shi ya sa sarakuna suka danƙa ta ga amintattun bayinsu, aka kira su 'yan bindiga.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka ga wata iri a bakin Sakkwato, wadda Nasara suka girke don yaƙar garin, Hausawa suka raɗa mata bindiga mai ruwa, saboda da ruwa ake sanyaya bututunta. Ba a kai azahar ba yaƙin ya ƙare.

Daga nan kalmar ta sauka kasuwa. Direba a hanyar Argungu zai ce taya ta yi bindiga, ba tare da an harba kome ba, sai dai ƙarar. Aka kuma ciro fi'ili daga gare ta, ana cewa an bindige wane. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne makomar laƙabin nan na 'yan bindiga, wanda a da in an ambace shi sai yara su ruga kallon hawan salla, su toshe kunne suna dariya. Ranar 17 ga Yuni 2021, da rediyo ta ce 'yan bindiga sun shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri sun kwashe ɗalibai, babu wanda ya tambayi na wane sarki ne.