Roger Maris da Bugu na 61 a Tarihin Besbol

Tarihin wasan besbol a Amurka yana da ma'ajiya biyu, ɗaya ita ce littattafan ƙididdiga da hukumar wasan ke ajiyewa, ɗayar kuwa bakin iyaye da kakanni ce a ƙananan garuruwa, inda ake tuna kowace bajinta da shekarar da wane ya gama makaranta ko wance ta yi aure. Shi wasan na jifa ne da bugu: mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya yi ƙoƙarin kai mata duka, idan kuma ta tashi ta tsallake shingen fili to an yi abin da ake kira homran, wato mai bugun zai zagaya kusurwoyi huɗu na filin ya dawo inda ya faro ba tare da kowa ya tare shi ba. Yawan homran da ɗan wasa ya tara a kaka ɗaya shi ne ma'aunin da masoya wasan suka fi girmamawa, kuma tun daga 1927 guda 60 na Babe Ruth suka zama iyakar da ake ganin ba mai wucewa.

Wanda ya wuce ta, Roger Maris, an haife shi a 1934 a Hibbing ta jihar Minnesota, ya tashi a Fargo ta Dakota ta Arewa a gidan ma'aikacin jirgin ƙasa. Da yake hunturun wannan yanki doguwa ne, samarinsa sun fi koyon besbol a lokacin hutun makaranta ƙarƙashin American Legion, ƙungiyar tsoffin sojoji wadda ta assasa gasar matasa a 1925, kuma daga irin waɗannan filaye na bayan gari ne manyan kulob-kulob suka daɗe suna ɗebo 'yan wasa. Tun yana ɗalibin sakandare ya haɗu da Patricia Carvell, aka ɗaura musu aure a Oktoban 1956, watanni kaɗan kafin ya fara buga wa Cleveland a 1957, ya koma Kansas City, sannan aka miƙa shi ga Yankees na New York a ƙarshen 1959.

Kakar 1961 ta zo da sauyin da ya jawo masa fitina, domin an ƙara kulob biyu a gasar, wasanni suka tashi daga 154 zuwa 162. Ana tsakiyar kaka shugaban hukumar, Ford Frick, wanda tsohon aminin Ruth ne, ya yanke cewa duk wanda bai wuce 60 a cikin wasanni 154 ba za a rubuta nasa adadin a gefe da wata alama. Hukuncin bai yi wa Maris adalci ba, tun da ba shi ya tsara jadawalin ba. Ga kuma 'yan jarida da 'yan kallon New York da suka fi son abokin wasansa Mickey Mantle ya ci gadon, suna ganin Maris baƙo ne mai ƙarancin magana, alhali su biyun gida ɗaya suke haya a unguwar Queens. Mantle ya tsaya a 54 saboda ciwo, nauyin duka ya koma kan Maris, har gashin kansa ya riƙa zubewa, matarsa kuma tana can Raytown a jihar Missouri da yara da jaririn da ta haifa a watan Agusta. A garuruwa irin Fargo ta ƙaramar rediyo mai batir ake bin lissafin kullum, a shagon aski da kan baranda, shi ya sa mutanen wancan zamani kan tuna inda suke zaune da wanda ke kusa da su a ranar da abin ya faru.

Ranar ita ce 1 ga Oktoba, 1961, wasan ƙarshe na kakar, a gaban 'yan kallo 23,154 kacal, lokacin da Maris ya buge jifar Tracy Stallard na Boston ta faɗa cikin jama'a ya cika homran na 61, kuma wannan bugun kaɗai ya ba Yankees nasara da ci ɗaya da nema. Wanda ya cafe ƙwallon, Sal Durante, saurayi ne ɗan shekara 19 daga Brooklyn da ya je kallo tare da budurwar da zai aura. Ya kai wa Maris ƙwallon kyauta, Maris ya ce ya riƙe ya sayar ya amfana da kuɗin, aka kuwa saye ta dala 5,000, kuɗin da suka taimaka wa ma'auratan kafa gida. Mutumin da ya yi auren ƙuruciya ya san nauyin da ke gaban saurayin, kuma wannan karamci ya fi bayyana halinsa a kan duk abin da jaridun shekarar suka rubuta.

Sai a 1991 kwamitin da shugaban hukumar na lokacin, Fay Vincent, ya jagoranta ya soke bambancin da Frick ya kawo, shekara shida bayan cutar daji ta yi ajalin Maris a Disambar 1985. Iyalinsa ne suka ci gaba da wakiltarsa: 'ya'yansa suna filin St. Louis a 1998 lokacin da Mark McGwire ya wuce adadin, babban ɗansa kuma ya shaida bugu na 61 na Aaron Judge a 2022. An binne Maris a Fargo, inda gidan tarihinsa yake a cikin kasuwar West Acres tun 1984, kuma bisa sharaɗin da shi kansa ya gindaya, ba a karɓar kuɗin shiga.