Jeremy Bentham da Ma'aunin Doka: Daga Sa Ido kan Fursuna zuwa Sa Ido kan Mai Mulki

Jeremy Bentham, wanda aka haifa a Landan a 1748 ya kuma rasu a 1832, ya karanci shari'a amma ya ƙi aikin lauya, domin tun lokacin da ya saurari laccocin William Blackstone a Jami'ar Oksfod ya lura cewa malamin yana yabon abin da ya cancanci tuhuma. Babban ɓangare na dokar Ingila a wancan zamani tarin hukunce-hukuncen alƙalan da suka shuɗe ne, wanda talaka ba ya sanin ya hau kansa sai ranar da aka gurfanar da shi, kuma laifuffukan da ke jawo rataya sun yi ta ƙaruwa har suka haura 200, ciki har da satar kayan sule biyar a kanti. Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1776 ba tare da sunansa ba, raddi ne ga Blackstone.

Tushen tunaninsa, kamar yadda ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1789 kan ɗabi'a da tsara doka, shi ne aƙidar amfani, wato cewa ana gane kyawun aiki ko doka ne ta sakamakonsu kaɗai, gwargwadon jin daɗin da suka ƙara wa mutane da raɗaɗin da suka rage musu, kuma jin daɗin attajiri bai fi na matalauci nauyi a ma'auni ba. Ya kawo fuskoki 7 na awo, kamar tsananin daɗin ko raɗaɗin, da daɗewarsa, da tabbacin aukuwarsa, da yawan waɗanda zai shafa. Masu suka sun daɗe suna nuna cewa babu sikelin da zai auna baƙin cikin wani da murnar wani, kuma suna da gaskiya. Sai dai ƙimar aƙidar tana cikin nauyin da ta ɗora wa mai mulki. Tunda horo shi kansa cuta ne, in ji Bentham, ba a yarda da shi sai idan zai kawar da cutar da ta fi shi, saboda haka wanda ya kafa doka shi ke da alhakin kawo hujja, kuma cewa haka aka gada daga kaka da kakanni ba hujja ba ce. Da wannan ma'auni ya shigar da dabbobi cikin lissafi, tunda su ma suna jin zafi.

Aikin da ya cinye masa shekaru masu yawa shi ne gidan yarin da ya kira Panopticon, wanda ya ɗauko dabararsa daga ƙaninsa Samuel sa'ad da ya ziyarce shi a daular Rasha a 1786. Gini ne mai zagaye, ɗakunan fursunoni a jere a jikin bango suna fuskantar tsakiya, inda mai gadi ke zaune a bayan labule yana ganin kowa ba tare da an gan shi ba, ta yadda fursuna, tunda bai san lokacin da ake kallonsa ba, zai kama kansa dare da rana. Gwamnati ta amince, aka sayi fili a Millbank, sannan aka yi ta jan ƙafa har aka watsar da shirin, aka biya shi diyyar fam 23,000 a 1813.

Tun bayan littafin masani Michel Foucault na 1975, wanda ya tattauna Panopticon, mutane da dama ba su san Bentham da komai ba sai wannan gini, kuma hakan tauye shi ne, domin rushewar shirin ce ta sauya shi. Da can yana zaton masu mulki na son gyara, hanya ce kawai ba su sani ba; daga baya ya tabbata cewa suna da muradi na kansu wanda ya saɓa wa na jama'a. Bayan haɗuwarsa da masani James Mill wajen 1808 sai ya juya idon mai gadi zuwa kan sarakuna da ministoci da alƙalai, ya nemi a ba kusan duk baligin namiji ƙuri'a, a yi zaɓe a asirce kowace shekara, a buɗe kotuna ga jama'a, a sakar wa jaridu mara.

Raunin da bai iya toshewa ba shi ne ƙin yarda da cewa mutum yana da haƙƙin da ya riga doka, abin da ya sa ya soki sanarwar haƙƙoƙi ta juyin juya halin Faransa, duk da cewa ƙasar ta karrama shi da zama ɗan ƙasa a 1792. Idan jimilla ce kawai ake dubawa, to ana iya danne 'yan tsiraru don rinjayen masu yawa, kuma an ga alamar haka a dokar matalauta ta Ingila ta 1834, wadda almajirinsa Edwin Chadwick yake cikin masu tsara ta, inda aka tsananta rayuwa a gidajen aikin matalauta da gangan don mutane su guji neman tallafi.

Ƙasarsa ba ta karɓi kiransa na tattara doka cikin kundi ɗaya da kowa zai iya karantawa ba, amma kiran ya yi tasiri a yankunan da ta mallaka. Thomas Macaulay ya bi wannan tafarki wajen tsara kundin laifuffuka na Indiya da aka zartar a 1860, daga shi aka ɗauki na Sudan a 1899, daga na Sudan kuma aka tsara Final Kot, wato kundin laifuffuka na Jihar Arewa ta Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1960. A Indiya da Sudan masu mulkin mallaka sun ɗauki tsarin kundin, suka bar sharaɗin da Bentham ya gindaya a ƙarshen rayuwarsa, cewa waɗanda dokar za ta hau kansu su ne za su zaɓi masu yin ta su kuma iya tsige su.