Yadda Aka Fara Bayar da Biza a Filin Jirgin Sama

Bizar da matafiyi ke karɓa bayan ya sauka a wata ƙasa sabon abu ne idan aka kwatanta da fasfo. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da jirgin ƙasa ya haɗa biranen Turai, mutane da yawa na tsallaka iyakoki ba tare da an tambaye su wata takarda ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya wannan a 1914, sa'ad da tsoron 'yan leƙen asiri ya sa gwamnatoci suka tsaurara bincike. Da aka gama yaƙin ba su sassauta ba. A taron Paris na 1920, ƙungiyar da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara fasfo mai kama da ɗan littafi, kuma al'ada ta zauna cewa mai son shiga ƙasa sai ya fara zuwa ofishin jakadancinta a buga masa hatimi.

Wannan tsari ya dace da zamanin jirgin ruwa, lokacin da ake shirya tafiya wata da watanni. Manyan jiragen sama, musamman Boeing 747 da ya fara ɗaukar fasinja a 1970, sun karya farashin tikiti, 'yan yawon buɗe ido suka yawaita. Nan ƙananan ƙasashe suka ga matsala. Ƙasa irin Maldives, wadda ta buɗe masaukin baƙi na farko a 1972, ba ta da ofisoshin jakadanci a yawancin ƙasashen da baƙinta ke fitowa. Da a rasa kuɗin baƙo, gara a bar shi ya iso, a duba shi a bakin ƙofa.

Wasu ƙasashen kuwa kuɗin shiga ne a gabansu. A filin jirgin Alƙahira, matafiyi kan tsaya a tagar banki kafin layin jami'an shige da fice, ya biya kuɗi (an daɗe ana karɓar dala 25), a miƙo masa 'yar takarda mai danƙo, a manna a fasfonsa, a buga hatimi. Ba a yi masa wata doguwar tambaya. Bizar irin wannan ta fi kusa da harajin ƙofa fiye da tantancewa. Turkiyya ta yi shekaru tana haka, Indonesiya ta fara nata tsarin a 2004, Indiya kuma ta bi sahu a 2010 da 'yan ƙasashe biyar kacal, ciki har da Japan da Singafo.

Sauƙin dai ba na kowa ba ne. Kowace ƙasa na da jerin fasfunan da ta amince da su, kuma kamfanonin jiragen sama kan duba jerin tun kafin a hau jirgi, domin su ake ci tara idan suka kawo wanda aka ƙi karɓa. Ko bayan sauka, jami'i na da ikon mayar da mutum idan ba shi da tikitin komawa ko shaidar masauki.

A Afirka batun ya ɗauki salon siyasa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta riga ta ba 'yan Yammacin Afirka damar zama kwana 90 babu biza, amma sauran nahiyar ta yi jinkiri. Ruwanda ta fara bai wa 'yan Afirka biza a filin jirgi a 2013, ta faɗaɗa wa kowa a 2018. Gana ta bai wa 'yan Afirka wannan sauƙi a 2016, Habasha a 2018, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da na Najeriya a birnin Aswan a Disamban 2019.

Sai dai intanet ta riga ta fara cinye tsarin. Tun 1996 Ostireliya ta ƙirƙiro izinin tafiya na kwamfuta, wanda ke bai wa hukuma damar bincikar mutum kafin ya baro gida. Turkiyya ta koma bizar intanet daga 2013, Indiya daga 2014. Kenya ta wajabta neman izini ta intanet a Janairun 2024, ita ma Najeriya ta maye gurbin bizar filin jirgi da ta intanet a watan Mayun 2025.