Hutun ƙarshen mako a Kano: Raha da karatu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Farm Centre

Titin Gidan Zoo, wanda ya bi ta gefen unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke ƙaramar hukumar Tarauni, na daga cikin wuraren da mazauna birnin Kano suka fi zuwa domin shaƙatawa a ranakun Asabar da Lahadi, da kuma lokutan bukukuwan Sallah.

Titin dai ya samo sunansa ne daga gidan namun dajin da aka kafa zamanin mulkin Audu Bako, gwamnan soja na farko na jihar, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

A kan titin ne kuma filin baje kolin kayayyaki na Kano yake, tare da ofisoshin masu shirya finafinan Hausa da dama.

A shekarar 2014 aka buɗe rukunin kantuna na Ado Bayero Mall a kan titin, sannan a 2015 kamfanin Filmhouse ya buɗe sinima a cikinsa. Sai dai kantin Shoprite, wanda ya fi jan jama'a zuwa wurin, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024.

Daga sinima zuwa wayar salula

Kafin zuwan irin waɗannan kantuna, gidajen sinima ne matattarar matasa, ciki har da sinimar Marhaba da ke Farm Centre a Tarauni, inda aka riƙa nuna finafinan Indiya.

Iyaye da malamai da yawa sun daɗe suna kallon gidajen sinima a matsayin wuraren ɓata tarbiyya, abin da ya sa ba kasafai matan aure da 'yan mata ke zuwa ba.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, gwamnati ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, wadda ke sa ido kan abin da ake nuna wa jama'a.

Yanzu haka an fi sanin Farm Centre da babbar kasuwar wayoyin salula, kuma a wayoyin ne akasarin matasa ke kallon barkwanci da karanta labarai.

Barkwanci a bainar jama'a

Tsayawa gaban taro domin ba da dariya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa.

Akwai wawan sarki a fada, wanda ke iya faɗin abin da wani ba zai iya faɗa ba. Akwai 'yan gambara masu zambo da habaici a kasuwanni, da kuma 'yan kama, waɗanda ke kwaikwayon salon karatun malamai amma su karkatar da zancen zuwa ga tuwo da miya.

A kudancin Najeriya kuwa, barkwancin dandamali ya zama babbar sana'a tun cikin shekarun 1990, ta hannun mutane irin su Ali Baba, da kuma wasan Night of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara shiryawa a 1995.

Amma a Kano finafinai ne suka ɗauki nauyin raha. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, shi ne ya fi fice a wannan fage, bayan magabata irin su Samanja da Ƙasimu Yero da suka yi tashe a rediyo da talabijin.

Masu barkwanci kan haɗu da 'yan kallo ido da ido ne galibi a wuraren biki da wasannin Sallah.

Sana'ar kuma na tattare da haɗari. A shekarar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro na tsawon wata biyu dangane da fim ɗin Ibro Aloko. A watan Nuwambar 2022 kuma wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 kowannensu, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje.

Kasuwar tsofaffin littattafai

Wasu mazauna birnin kuwa kan kashe hutunsu ne wajen neman abin karantawa.

Kasuwar Kurmi ta yi suna wajen littattafan addini da na Larabci, yayin da Sabon Gari ke da shagunan littattafan boko, sababbi da na hannu. A irin waɗannan wurare ne ɗalibai da ma'aikata kan yi cinikin tsofaffin littattafan makaranta da ƙagaggun labaran Turanci kan farashi mai rahusa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka samu bunƙasar littattafan Hausa da ake kira Adabin Kasuwar Kano, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, mawallafin In Da So Da Ƙauna, suka yi fice.

Shagunan hayar littattafai sun yaɗu a unguwanni, ta yadda littafi guda kan zagaya gidaje masu yawa, musamman a hannun mata, har sai bangonsa ya yage.

Su ma waɗannan littattafai sun sha suka. A shekarar 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a bisa zargin suna gurɓata tarbiyyar ɗalibai, matakin da marubuta suka yi tir da shi.

Tsadar takarda da yaɗuwar intanet sun rage yawan littattafan da ake bugawa, inda marubuta da dama suka koma sayar da labaransu ta WhatsApp.

Hakan na nufin wasu littattafan da suka yi tashe a shekarun 1990, waɗanda ba a sake buga su ba, sai a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ko a akwatunan tsofaffin makaranta ake iya samun su.