Uwar Kwamfutar Ofis: Yadda Ake Kashe Ta da Yadda Ake Kula da Ita

Mece ce uwar kwamfuta?

Uwar kwamfuta ita ce na'urar da take ajiye bayanan ofis a wuri guda. Sauran kwamfutocin ofishin daga gare ta suke ɗaukar bayani, kuma a cikinta suke zuba sabo. Abin da take ajiyewa shi ake kira rumbun bayanai. Manhajojin da suke tsara wannan rumbu suna da yawa. Daga cikinsu akwai Access da MySQL da PostgreSQL.

A gundumar Magarya da gundumar Dungas, wadda aka fitar daga Magarya a shekarar 2011, ofisoshi da dama suna tara sunayen jama'a. Akwai ofisoshin magajin gari, kamar na Bande da Waca da Malawa da Dogo-Dogo, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Akwai asibitoci, da asusun ajiya da bashi, da ƙungiyoyin manoma, da azuzuwan yaƙi da jahilci. Duk ofishin da ya mayar da rajistarsa cikin kwamfuta, amanar mutane ce ya zuba a ciki. Idan rumbun ya lalace, uba zai iya zuwa neman takardar haihuwar ɗansa a rasa sunan, ko mace ta zo karɓar ajiyarta a rasa lissafin.

Sau da yawa ba masanin kwamfuta ne yake rufe ofis da yamma ba. Mai gadi ne, ko masinja, ko sakataren ƙungiya. Don haka wannan bayani ya shafi kowa.

Me ya sa ba a zare mata waya?

Kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Ta farko ta ɗan lokaci ce, abin da ke cikinta yana gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Ta biyu ita ce faifai, inda rubutu yake zama dindindin. Idan ma'aikaci ya shigar da suna, na'urar takan riƙe wani sashe na aikin a ma'ajiya ta farko kafin ta kwashe shi zuwa faifai. In aka yanke wuta a wannan tsakani, rubutun yakan tsaya rabi. Wasu manhajoji suna iya gyara kansu idan an sake kunnawa, amma ba kullum ba. Wani lokaci rumbun gaba ɗaya yakan ƙi buɗewa.

Matakan kashewa

1. A sanar da duk ma'aikata, kowa ya ajiye aikinsa, ya fita daga rumbun, ya kashe tasa kwamfutar.
2. A kwafi bayanan ranar a faifai na waje.
3. A rufe manhajar rumbun bayanai kamar yadda masanin ofis ya nuna.
4. A ba uwar kwamfuta umurnin kashewa ta kan allo. Kada a danne maɓallin jikinta a riƙe, domin wannan daidai yake da zare waya.
5. A jira har fitilunta su mutu, ƙarar fankarta ta tsaya. In ta rubuta cewa tana sabunta kanta, a ƙyale ta ta gama.
6. Daga nan sai a kashe akwatin batir, sannan a kashe wutar bango ko injin wuta.

Wajen kunnawa, sai a bi ta baya. A fara da wuta, sai akwatin batir, sai uwar kwamfuta. A ba ta ƴan mintoci ta daidaita kafin a kunna sauran.

Idan wuta ta ɗauke

Ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne a jahar Damagaram. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Najeriya take zuwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. Saboda haka wajibi ne uwar kwamfuta ta kasance a jone da akwatin batir, wanda ma'aikata suke kira ondilar.

Akwatin batir ba don a ci gaba da aiki aka yi shi ba. Ƴan mintoci kawai yake bayarwa, domin a samu damar kashewa cikin tsari. Da zarar ya fara kuka, a bi matakan da ke sama. Kada a jona masa fanka ko firji ko abin dafa ruwa. Kada kuma a yi cajin wayoyi a jikinsa.

Kula da na'ura bisa yanayi

*Bazara.* A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40. Zafi yana gajiyar da na'ura, yana kuma kashe batir. Batirin da zai yi shekara 3 zuwa 5 a wuri mai sanyi, a ɗaki mai zafi ba ya kaiwa haka. A ajiye na'urar inda iska take shiga, nesa da rana. Kada a lulluɓe ta da zane tana aiki.

*Hunturu.* Ƙura tana toshe kafofin da na'ura take shan iska. A ɗora ta a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa. A riƙa goge jikinta da busasshen tsumma bayan an kashe ta. Buɗe cikinta aikin masani ne.

*Damina.* Idan hadari ya haɗo da tsawa, a kashe ta cikin tsari, a zare wayoyin daga bango. A duba rufin ɗaki ko yana yoyo.

Kwafin bayanai

Kowane faifai yana da ranar mutuwarsa. Ofishin da yake da kwafi ɗaya tak yana cikin haɗari. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kwafi 3: na cikin uwar kwamfuta, da na faifan waje a cikin kabad mai makulli, da na uku a wani gini dabam, saboda gobara ko sata ko ambaliya. Sau ɗaya a wata, a sa masani ya buɗe kwafin a gani ko yana aiki. A tanadi littafi da za a riƙa rubuta ranar kwafi da sunan wanda ya yi. Kada a yar da rajistar takarda, domin ita ce madogara idan komai ya ɓaci.

Riƙon amana

Tun shekarar 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane. Kalmar sirri ba a manna ta a jikin allo, ba a kuma ba wanda ba ma'aikaci ba. Kada a sa wa uwar kwamfuta waya ko ma'ajiyar USB ta wani don kwafar fim ko waƙa, domin ta nan cutar kwamfuta take shiga.

Abin tunawa

A rubuta matakan nan 6 da manyan baƙaƙe, a manna su a bango kusa da na'urar, tare da lambar wayar masanin ofis. In na'ura ta yi wani ƙara ko ta nuna rubutun da ba a saba gani ba, kada a yi gwaji. A kwafi rubutun a takarda, a kira masani. Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.